Wanda Ya Soki Wule

Mata masu dawowa daga itace ne suka fara ganinta, bayan la'asar, ranar kasuwar Buza. Tana kwance a bakin burtali, inda hanyar shanu ta ratsa gefen gonakin Dutsin Aduwa. Cikinta ya kumbura kamar salka, ƙudaje sun taru a kan wani rauni a kwiɓinta. Jar saniya ce mai farin goshi. Duk garin an san ta, Wule ce ta Bubakar, Bafulatanin da rugarsa take bayan tudu. Kuma duk garin an san mai gonar da ta faɗi a bakinta.

Kafin a kira Kalla, rabin gari ya riga shi zuwa. Shi ne mai bin sawu a wannan yanki. Daga tsaunukan Keita har kwarin Madawa, in raƙumi ya ɓata ko an kore awaki, ƙofarsa ake zuwa. Amma ran nan da ya iso, mutane suka buɗe masa hanya ba wanda ya yarda suka haɗa ido. Gonar ta Muttaka ce, ɗansa na fari.

Ba wanda ya manta abin da ya faru bara. Shanun Bubakar sun shiga waken Muttaka sun yi masa ƙarƙaf, aka je gaban maigari, aka sasanta. Amma Muttaka, da zuciyarsa take kusa, ya miƙe a gaban jama'a ya rantse cewa duk saniyar da ta sake taka gonarsa, wuƙa zai sa mata. Tun daga ranar shi da Bubakar ba su sake gaisawa ba, su da suka tashi tare, suka sha nonon ƙwarya ɗaya lokacin da rugar take sauka a gonar Kalla kowane rani don taki.

Bubakar yana tsugune wajen kan saniyar, yana kore mata ƙudaje daga ido kamar tana ji. Bai ɗago ba ya ce, "Maigari, gobe da sahe ina Buza wajen jandarmomi. Ya hwaɗi, kuma ya cika."

Maigari Yunusa ya ce, "Ka yi haƙuri Kalla shi duba tukuna. Ba a kai mutum ga hukuma da zato."

Wani daga baya ya ce, "Uba za a sa shi bi sawun ɗansa?"

Sai a lokacin Bubakar ya ɗago. Idanunsa sun yi ja. "Shi nika so shi bi. Baba Kalla, ka bi. Abin da ƙasa ta hwaɗa maka, ka hwaɗa mini. Ina jira har la'asar ɗin gobe."

Kalla ya dubi ƙasa. Ƙafafun jama'a sun tattake komai. Ya ce a janye, a kewaye saniyar da ƙaya saboda karnuka, kar a motsa ta. Sa'annan ya ce wa maigari a buga wa Mahfuzu waya, ma'aikacin kiwo na kwamin, wato ƙaramar hukuma, a shaida masa dabba ta mutu a bakin burtali, ya zo ya gani da idonsa kafin a binne.

Maigari ya ce, "Mi za shi ƙara muna? Wuƙa ce, kowa ya gani."

"A dai kira shi. Aikinshi ne."

* * *

Da magariba Kalla ya tarar da Muttaka zaune a kan turmi a tsakar gida, tuwo a gabansa ya huce. Hawa, uwarsa, tana tsaye bakin madafa, ta kasa shiga, ta kasa fitowa.

"Ina ka yini?"

"Kasuwa, Baba."

"Mi ka sawo?"

Muttaka ya kau da kai.

"Wa ka gani can?"

"Mutane da yawa."

Kalla ya dubi moton, babur ɗin da ke jingine a jikin rumbu, ya dubi ɗansa. Namiji ne mai mata da ɗiya ƙarama, amma a wannan zaman sai ya gan shi kamar lokacin da yake fasa tulu ya ɓuya bayan danga. Ya so ya ce masa, faɗa mini gaskiya tun ba a je gaban mutane ba. Ya ji tsoron amsar, ya yi alwala ya fita masallaci.

A hanya Hawa ta biyo shi har zaure. "Malam, in shi ne fa?"

"In shi ne, shi ne."

"Haka kawai za ka ce?"

Kalla ya sa kai ya fita. Ya taɓa raka wani uba Buza wajen jandarmomi, ya ga yadda aka karɓi ɗan aka tura shi ciki, aka bar tsohon tsaye da ƙunshin fura a hannu. Wannan hoton ne ya bi shi har cikin sahu.

* * *

Da hantsi ya koma burtali shi kaɗai. Bai tsaya wurin saniyar ba, ya yi nisa, inda ƙafafun 'yan kallo ba su kai ba, ya fara zagayowa. A gabas da gonar ya ga sawun amalanke ta tsaya, jakin ya yi kashi, wani mai faɗin ƙafa ya sauko ya taka har bakin gona ya koma. Takalmin taya ne, dugadugin dama ya cinye. Zuciyar Kalla ta yi sanyi kaɗan, har ya ji kunyar wannan sanyin. Sawun Ango mahauci ne.

Ya same shi a rumfarsa yana wasa wuƙa.

"A'a, Kalla! Yau ni anka biyo? Zauna, ga balangu bai nuna ba, amma ga inuwa."

"Jiya ka tsaya bakin gonar yaron nan."

"Na tsaya. Fitsari ya kama ni, ko shi ma yanzu sai an nemi izinin maigari?"

"Ka ga saniyar?"

"Na gan ta da ranta, tana cikin gona tana kiwonta hankali kwance. Gyauron dawar nan da ruwan ƙarshe ya tayar, shi taka ci." Ya gwada kaifin wuƙar a babban yatsa. "Na san abin da suka cewa. Wai Ango na son nama mai arha. Kai Kalla, dube ni da kyau. Ni in soki saniya ga ciki in bar ta ta zama mushe? Da ni ne, wuya nika nufa, in yi bismilla, kowa shi ci. Wanda ya yi wannan aiki bai san nama ba, bai san wuƙa ba."

"Ka gan ta cikin gyauro, ba ka kore ta ba?"

Dariyar Ango ta tsaya. "Ba gonata ba, ba saniyata ba. Kasuwa nika sauri." Ya ajiye wuƙar. "Yanzu da ka hwaɗi haka, da na kore ta."

* * *

Akwai kuma Saude, wadda mijinta ya rasu, gonarta tana maƙwabtaka da ta Muttaka. Kwanan baya shanu sun ja mata tarin harawa, ta yini tana tsine musu, kuma an gan ta jiya da lauje a wajen. Kalla ya tarar tana sussukar gero a ƙofar gida.

"Lauje ciyawa nika yanka da shi, ba shanu ba," ta ce tun bai tambaya ba. "Bakina ne ke da kaihi, kowa ya sani. Na zage su, in sun sake ma sai na zage su."

"Ban ce ke ce ba, Saude. Raunin ba na lauje ba ne. Mi kika ji jiya?"

Ta ci gaba da sussuka kamar ba ta ji ba.

"Gari duk ya tahi kasuwa. Ke kaɗai ce a gona."

"Kalla, ni da Hawa rijiya ɗaya muka ɗiba. Kar ka sa ni."

"Ba ke kika sa ni ba, ni ma ba ni na sa kaina ba. Hwaɗi."

Ta jingine taɓarya. "Wajen azahar na ji saniya na nishi, wani irin nishi mai ban tausai. Na ce ko haihuwa ce. Can na ji moto ya tashi da gudu, kamar an koro shi."

"Ta ina ya bi?"

"Ba hanyar Buza ba. Arewa ya yi, hanyar garin meri, inda ofishin kwamin yake."

"Kin ga mai moton?"

Ta dube shi, idonta ya ciko. "Na san ƙarar moton. Kai ma ka san ta."

Kalla ya yi mata godiya.

* * *

Mahfuzu ya iso kafin azahar, da 'yar jakarsa a bayan moto. Ya ba da haƙuri, ya ce jiya yana ƙauyuka wajen rigakafi, inda babu rezon waya. Suka janye ƙaya. Ya buɗe bakin saniyar ya duba, ya shiga gona ya tsinko gyauro ya murza a hannu.

"Baba, wannan ko ba wuƙa yana iya kashe ta. Ɗanyen gyauron dawa guba ne. Ciki ya kumbura, numfashi ya tsaya. Kuma ga shi nan shimfiɗe a bakin hanyar shanu, ba shinge. Yau sai an sare shi, in ba haka ba gobe wata ce."

"To wuƙar fa?"

Mahfuzu ya tsuguna kan raunin. "Makiyaya in saniya ta kumbura sukan soke ta a kwiɓi don iska ta fita. Da a hagu wannan rauni yake, da na ce wani ne ya so cetonta, don a hagu tumbin yake. Amma nan dama ne. Nan hanji ne kawai. Ba makiyayin da zai soka nan." Ya girgiza kai. "Wanda ya yi wannan, ban ga alheri a hannunsa ba."

Kalla ya duƙa yana duban ƙasa. Ƙayar da aka zuba jiya ta tsare masa ɗan wurin da jama'a ba su gama tattakewa ba, a nan idonsa yake. Ga inda saniyar ta tsaya ta ware ƙafafu, kofatanta sun nutse. Ga sawun mutum a gabanta, daidai fuskarta, ƙafafu biyu a jere, wanda ya daɗe a tsaye. Ga zoben gindin bidon, jarkar ruwa, da ƙasar da ta jiƙe ta bushe ta yi ɓawo. Daga nan sawun ya zagaya ta hannun hagunsa zuwa gefen saniyar. Ga gurbin gwiwa. Ya san sawun. Shi ya koya wa ƙafar nan tafiya.

Amma mai mugunta ba ya kawo ruwa, kuma ba ya durƙusawa.

"Taya ni mu juya ta," ya ce.

Suka kira wasu maza biyu da ke wucewa, aka kama ƙafafu aka birkita ta. A ƙarƙashin cikinta, a manne da yashi, ga wani guntun tiyo baƙi, tsawon tafin hannu. An fiƙe bakinsa ɗaya da wuƙa, jini ya bushe a ciki.

Mahfuzu ya karɓa ya juya shi. "Wannan a rauni ake cusa shi, don kar ramin ya rufe kafin iska ta gama fita." Ya dubi Kalla. "Matata ta ce jiya wani ya zo a moto yana buga ƙofa kamar zai karya, yana cewa saniya na mutuwa. Bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garinsu ba. Ya juya da gudu."

Kalla ya sa tiyon a aljihu ya nufi gida. A bayan ɗakin Muttaka famfon feshin magani yana rataye a ƙusa. Tiyonsa ya gajarce, an yanke shi sabon yanka. Ya haɗa guntun da wurin, suka zauna daidai. Ya tsaya nan riƙe da su, bai san ko kuka zai yi ko godiya ba.

* * *

Da la'asar aka taru a ƙofar maigari. Mai shela ya riga ya zagaya gari da umarnin maigari cewa duk mai gyauro a bakin burtali ya sare shi kafin rana ta faɗi, kuma duk wanda ya ga dabba cikin wahala, tasa ko ta wani, ya gaya wa mai ita ko ya kawo magana nan. Ango ya zauna can gefe, ba barkwanci. Saude tana bayan danga da mata. Bubakar ya zo da sandarsa da mutanen ruga. Muttaka yana bakin tabarma, kansa a ƙasa.

Maigari ya ce, "Kalla, muna saurare."

Kalla ya miƙe. Ya ce Ango ya ga saniyar da ranta ya wuce, laifinsa ke nan, kuma ya san shi. Ya ce Saude bakinta kawai ya taɓa shanun Bubakar. Ya ce gyauro Wule ta ci, cikinta ya kumbura, Mahfuzu ga shi zaune ya shaida.

Tun da aka raɗa wa yaron suna, Kalla bai taɓa kiransa da bakinsa ba, don ɗan fari ne. Yaron nan yake cewa, ko wancan.

"Wanda ya soki Wule, Muttaka ne."

Wata ƙara ta fito daga bayan danga, ya gane muryar Hawa. Mutanen ruga suka yunƙura, Bubakar ya ɗaga musu hannu.

Kalla ya fito da guntun tiyon ya ajiye a tabarma gaban Bubakar. "A ƙarƙashinta na same shi. Kai ka hi ni sanin amfaninshi."

Bubakar ya ɗauka. Ya duba fiƙaƙƙen bakin, ya leƙa cikinsa. "Amma ga dama anka soke ta," ya ce a hankali. "Wa ke soka ga dama?"

Maigari ya ce, "Muttaka, bakinka."

Muttaka bai ɗago ba. "Na zo gona na iske ta tsaye, ciki kamar ganga, harshe waje. Na ba ta ruwa ta kasa sha. Tana kallona. Wallahi Bubakar, kallona taka yi. Sai na tuna muna yara, ranar da Baffa, mahaihinka, ya ceci wata baƙa a gonarmu. Ya ce muna, ga hagu aka soka, a sa kara mai rami. Ban da kara, na yanko tiyo. Na yi bismilla na soka ga hagu. Iska ba ta hito ba, sai jini. Ta hwaɗi. Na hau moto na tahi neman likita, ban iske shi ba. Da na dawo na hango mutane, na tuna rantsuwar da na yi. Wa za shi yarda da ni?"

Bubakar ya ce, "Ina ka tsaya lokacin da ka ce hagu?"

"Gabanta. Ina riƙe da ƙahonta."

"Hagunka ko hagunta?"

Muttaka ya buɗe baki. Ya dubi hannunsa na hagu, ya ɗago shi kaɗan kamar saniyar tana gabansa. Kalla ya ga lokacin da abin ya faɗo masa. Duk yini da kwana yana zaton ya yi daidai ƙaddara ce ta zo, sai yanzu. Ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna girgiza.

Mahfuzu ya ce, "Gyauro wani lokaci ko an soka daidai ba ya bari. Allah kaɗai ya sani."

"Na sha cetonsu daga gyauro," in ji Bubakar, ba da faɗa ba. "Wule kuwa uwata ta bar mini ita tana maraƙa." Ya juya ga Muttaka. "Ka hau moto ka tahi garin meri neman mutumin da ba ka sani ba. Rugata ga ta nan bayan tudu. Ko murya ka ɗaga, ina ji."

"Na ji kunyar idonka."

"Kunyar idona."

Kalla yana tsaye inda yake. Ya faɗi abin da ƙasa ta faɗa, sauran ba a hannunsa yake ba. In Bubakar ya ce Buza, Buza ce, don wuƙa dai ta ɗansa ce, kuma ɗan ya ɓoye.

Maigari ya ce, "Bubakar, haƙƙi naka ne. Mi ka ce?"

Bubakar ya miƙe, ya ba wani sandarsa. Ya taka har gaban Muttaka. "Tashi."

Muttaka ya tashi. Kalla ya rufe ido, ya buɗe.

Bubakar ya juya wa Muttaka baya. Ya miƙa hannu ta baya ya kamo hannun hagun Muttaka, ya ɗora shi a kan nasa kwiɓin na hagu, ƙasa da haƙarƙari, ya danna.

"Nan ne. Bayanta aka tsayawa, ba gabanta ba. Ka ji?"

"Na ji."

Ya saki hannun, ya karɓi sandarsa. "Ba ni zuwa Buza, Maigari. A taya ni binne ta." Ya bi ta cikin jama'a ya fita, mutanen ruga suka bi bayansa.

Kalla ya zauna a kan tabarma. Ɗansa zai kwana a gida. Ya ɗaga kai ya dube shi. Muttaka yana nan tsaye a tsakiyar fili, hannunsa na hagu a miƙe inda aka sake shi, bai sauke ba.